Ganin Likita a Rukuni ga Masu Ciwon Sukari: Sharhi Daga Gaya

Manufar wannan maƙala ita ce auna wata dabara da manazarta kiwon lafiya ke yabawa, wato tara masu ciwon sukari kamar goma a zama ɗaya, a gwada jininsu, a duba magungunansu, su kuma tattauna tsakaninsu. An soma ta a Amurka wajen 1991, sannan Marina Trento da abokan aikinta a Turin ta Italiya suka nuna a 2001 cewa sukarin 'yan rukuni bai hau ba, na masu ganin likita ɗai-ɗai kuwa ya hau.

To, amma sakamakon bai zo iri ɗaya ko'ina ba. A binciken Bob Mash na birnin Kef (2014), fiye da rabin waɗanda aka gayyata ba su halarci ko zama guda ba, sukari kuma bai sauka ba. A Bamako kuwa, aikin ƙungiyar Santé Diabète (2018), inda marasa lafiya da aka horar suka koyar da 'yan uwansu cikin Bambaranci, ya saukar da shi sosai. A ganinmu wannan ne ya fi kusa da mu.

Raunin yawancin rubuce-rubucen shi ne sun ɗauka cewa mutum zai buɗe cikinsa gaban kowa. A Gaya akwai kunya. Magidancin da ciwon ya raunana masa mazakuta ba zai faɗa ba alhali surukinsa na zaune, mace ma ba za ta ambaci ƙaiƙayin gaba a tsakiyar maza ba. Tilas a raba rukunin. Sai batun harshe: Dandanci ne za a yi, ko Hausa, ko Fulatanci? Wanda aka yi wa tafinta ya zama ɗan kallo.

Babbar matsala ita ce kuɗi. Tun shirin Bamako na 1987 maras lafiya ne ke sayen maganinsa, shawara kuwa ba ta sayen metfomin. Insulin na son sanyi, ga shi a watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, an kuma toshe gadar Malanbil a shekarar, hanyar da kaya masu yawa ke bi daga Kwatano. Nan ne shirin BIGPIC na yammacin Kenya ya yi hangen nesa, domin ya haɗa ganin likita da asusun ajiya da rance. Matan Gaya sun riga sun san adashi. Da ma'aikacin lafiya zai je wurin zubi da na'urar gwaji, da ya tarar da rukuni a haɗe, mai ranar taro da uwar adashi, kuma ana iya ware wani kaso na zubin don sayen magani.