« Débit » da « crédit » a kunnen ɗan Kurfai: sharhi a kan darasin farko na lissafin kasuwanci

0. Gabatarwa

Mai wannan ƙasida malamin kimiyyar harshe ne. Saboda haka abin da za a duba a nan shi ne kalmomin da ake buɗe darasin « comptabilité » da su a shekarar farko ta karatun kasuwanci, da irin jin da ɗalibi mai hausa yake yi musu. Mun ɗauko misalanmu daga Filinge da ƙasar Kurfai, cikin jihar Tilaberi, inda hausa take zaune kafaɗa da kafaɗa da zarma da tamajak da fulatanci, kuma ciniki yake gudana da baki. Ra'ayinmu shi ne: abin da yake kayar da ɗalibi a watannin farko kalmomi ne, tun kafin a zo ga alƙaluma, alhali harshensa na gida yana ɗauke da mabuɗin da aka hana shi ya yi aiki da shi.

1. Littafin da ake karantarwa

Tun 1998 ƙasashen UEMOA suka koma ga tsarin lissafi guda, wato SYSCOA. Daga baya tsarin ya shiga ƙarƙashin OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, mai ƙasashe 17, har da Nijar. An sake gyara shi a Brazzaville a watan Janairu na 2017, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Shi ne ake kira SYSCOHADA révisé. Aiki ne mai tsari, ba mu musanta ba: lambar 571 asusun kuɗin hannu ce ko a Yamai ko a Dakar ko a Duwala, 411 ta masu saye ce, 401 ta masu kawo haja.

Amma kundi ne na doka, wanda aka rubuta domin ma'aikacin da ya riga ya ƙware. Littattafan koyarwa na faransanci sukan bi sawunsa: a fara da « bilan », a jera azuzuwan asusu daga 1 zuwa 8, sannan a zana harafin T a allo a ce « débit » hagu, « crédit » dama. Idan ɗalibi ya tambayi dalili, amsar da ya fi samu ita ce al'ada ce kawai, a haddace. Haddar kuwa takan riƙe shi har ranar da saƙon banki ya shigo masa a salula cewa « votre compte a été crédité », wato kuɗi sun shigo. A aji an koya masa cewa kuɗin da suka shigo banki ana rubuta su a « débit » na 521. Daga nan ruɗani ya fara.

2. Maganar bashi

Faransanci yana da sunaye biyu, « créance » da « dette ». Hausa tana da guda, bashi. Wanda ya tsaya a ƙamus zai ce hausa ta gaza. To, a dubi waɗannan jimloli:

(1) a. Ina bin Ali bashi. « J'ai une créance sur Ali. »
b. Ali yana bi na bashi. « J'ai une dette envers Ali. »
c. Na ba Ali bashi. « J'ai fait crédit à Ali. »
d. Na ci bashi wurin Ali. « Je me suis endetté auprès d'Ali. »

Bambancin da faransanci ya ɗora a kan suna, hausa ta ɗora shi a kan aikatau da abokan tafiyarsa. A (1a) da (1b) aikatau ɗaya ne, bi. Abin da ya sauya shi ne wane ne mai bi, wane ne abin bi. Ma'ana, bahaushe ba ya iya ambaton bashi a jimla ba tare da ya faɗi ta wane gefe yake kallo ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ɗalibin nan ya rasa game da saƙon banki. Takardar banki daga littafin banki aka ciro ta. A wurin banki, mai ajiya mai bin sa bashi ne, shi ya sa ya sa shi a « crédit ». A littafin mai ajiya kuma, banki ne abin bi, sai ya hau « débit ». Bashi ɗaya, littafi biyu. Duk dillalin da yake kasuwar Lahadi ta Filinge ya san haka, domin tsakanin mai saniya da mai saye yake kwana, yana riƙe da lissafin kowane ɓangare a ka, da la'adarsa a gefe.

Abin lura, asalin kalmomin Turawan ma haka yake. « Débit » daga latinanci ta fito, ma'anarta wanda ake bi. « Crédit » kuma wanda ya amince ya bayar. Lokacin da Luca Pacioli ya bayyana tsarin rubutu biyu a littafinsa da aka buga a Venise a 1494, maganar mutane ce masu bin juna. Tsofaffin littattafan Faransa sun riƙe wannan da « doit » da « avoir » a saman shafi. Sannu a hankali aikatau ya daskare ya zama suna, sunan kuma ya zama gefen takarda. Abin da faransanci ya binne, a hausa yana nan a fili cikin jimla.

Za a ce wannan bayani ya dace da aji na 4, na mutane, da na 5, na kuɗi, amma ina mai bi da abin bi a asusun saye (601) ko na sayarwa (701)? Gaskiya ne. A nan malamai sukan koma ga « emploi » da « ressource », kalmomi biyu da ba su fi na farko sauƙi ba ga wanda ya koyi faransanci a lakwal. Tambayoyi biyu na hausa suna yin aikin:

(2) a. Daga ina abin ya fito? (dama)
b. Ina ya nufa? (hagu)

Ɗan kasuwa ya sayi buhun hatsi da kuɗin hannu: daga asusu suka fito, 571 a dama, ga haja suka nufa, 601 a hagu. Ya ɗauka bashi: daga mai kawo haja ya fito, 401 a dama. Ba mu ce a kori faransanci daga aji ba, tun da da shi za a rubuta jarrabawa, da shi kuma ofishin haraji yake karɓar takardu. Minti goma na hausa ko zarma a darasin farko muke nema.

3. Dala da rago

Akwai kuma ƙidaya. A kasuwa da dala ake magana, wato tamma 5 ta sefa: dala ashirin 100 F ce, dala ɗari 500 F, jika 1000 F. Yaron da ya tashi a kanti ya saba ninkawa da biyar a ka yini guda, amma ba mu ga littafin koyarwa da ya ɗauki wannan a matsayin ƙwarewa ba.

Misalan littattafan su ma abin dubawa ne. Kamfani ne kullum mai hannun jari, mai injuna da TVA. Su ma ana bukatarsu. Sai dai sashe na biyu na darasin, « comptabilité analytique », wato lissafin abin da kaya suka ci kafin a sayar, ya fi saurin shiga da ragon turka. A ƙaddara mace ta sayi rago jika 40, ta ciyar da shi harawa da dusa na jika 25 cikin wata huɗu, ta sayar jika 80 gab da layya. Za ta ce ta ci ribar jika 15. Sai malami ya tambaya: ruwan da yara suka ɗebo fa, da harawar da aka kwaso daga gonar gida ba a saya ba, da ɗan'uwan ragon da ya mutu a wata na biyu? A cikin wannan rago guda akwai « coût de revient » da « charges supplétives » da hasara. Shi kansa SYSCOHADA ya tanadi lambar 246 domin dabbobin aiki da na haihuwa, kuma tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus tana nan arewa da Filinge. Ba a rasa misali na gida ba.

Haka nan asusu na 104, na mai dukiya, inda ake rubuta abin da ya ɗiba don cefane ko suna ko biki. Littattafai sukan wuce shi a layi biyu, alhali raba aljihun gida da uwar kuɗi shi ne babban abin da yake karya ƙananan ƴan kasuwa. Tsarin sauƙaƙe da doka ta yi wa irin waɗannan, « système minimal de trésorerie », shi ma a ƙarshen littafi ake tura shi, idan lokaci ya rage.

4. Inda hausa take bukatar aiki

Riƙe lissafi da hausa ba sabon abu ba ne a Nijar. Ƙungiyar UNCC, da aka kafa a 1962, ta haɗa yaƙi da jahilci da tafiyar da kasuwannin gyaɗa, har manoma suka riƙa cika takardun awo da biya da harshensu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a yankin Maraɗi a 1991, sun riƙe asusu da rance a gaban idon kowa, da yawa ba tare da alƙalami ba. Kuma tun 2025 kundin « Charte de la refondation » ya ayyana hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi harsunan aiki. Amma waɗancan duka lissafin shiga da fita ne. Ba su taɓa kalmomin ƙarshen shekara ba.

A nan ne giɓin yake. Jari, uwar kuɗi, riba, hasara, ajiya, lamuni, jingina duk suna nan. « Amortissement » fa? An ji masu cewa tsufan kaya, amma fili ba ya tsufa a lissafi, kuma abin da ake nufi rarraba kuɗin sayen abu ne a kan shekarun aikinsa, ko ya tsufa ko bai tsufa ba. Rabon tsada bisa shekaru ya fi kusa, ko da yake ya yi tsawo a kan takarda. « Provision » ta fi wuya: idan aka ce tanadi, ɗalibi zai zaci kuɗi ne aka ware a akwati, wanda shi ne kuskuren da faransancin ma yake jawowa. Muna ba da shawarar hasarar da ake hange, a gwada ta a aji, tare da malaman lissafi, a ga ko ɗaliban Kurfai da na Adar da na Damagaram za su ji ta iri ɗaya.