Garin Kaka Da Sunansa Na Yau: Sharhi A Kan Littafin Mokotoff Da Sack

A cikin shekara ta 1991 Gary Mokotoff da Sallyann Amdur Sack suka fitar da littafi a Amurka mai suna Where Once We Walked. A ciki suka tara sunayen garuruwa fiye da 20,000 na tsakiya da gabashin Turai, inda Yahudawa suka zauna kafin kisan ƙare-dangi da 'yan Nazi suka yi musu. An yi shi ne domin jikokin waɗanda suka yi ƙaura. Mutum ya ji kakarsa ta ce ita 'yar Lemberik ce, ya buɗe taswira, babu Lemberik. Garin kuwa bai gusa ba: Lemberg ne a hannun Ostiriya daga 1772 zuwa 1918, Lwów a hannun Polan har 1939, Lvov a zamanin Tarayyar Sobiyet, yau Lviv a ƙasar Yukren. Wanda bai san haka ba, ba shi da hanyar gano inda takardar haihuwar kakarsa ta ke.

Lalle littafin ya yi amfani, gama ya nuna daidai wurin da kowane gari ya ke a taswira. Amma abin da ya fi jan hankalin masanin harshe shi ne dabarar da aka yi wa fihirisa. Mokotoff ya ƙago ta a 1985, Randy Daitch ya gyara. Ana ba baƙaƙe masu kama da juna a furuci lamba ɗaya, a tsallake wasulan tsakiyar kalma, suna ya zama lambobi shida. Ta haka Lwów da Lvov da Lviv duka suka zama 877000, Vilna da Wilno suka zama 786000. Saɓanin rubutu tsakanin Polanci da Rashanci ya kau.

To, a auna Lemberg. Lambarsa 867950, watau ta yi nisa da ta Lviv, alhali gari ɗaya ne. Dabarar tana maganin sauyin rubutu da na lafazi, ba ta da iko a kan suna da aka tumɓuke aka dasa wani. Pressburg da Pozsony da Bratislava ba su haɗa lamba ɗaya ba. Haka kuma sunayen da Yahudawa suka laƙaba da bakinsu, kamar yadda Bahaushe ke ce wa Legas Ikko. Góra Kalwaria ta Polan, a Yidish Ger ce. Deutschkreutz ta Ostiriya, wadda ƙarshen sunanta ke nufin gicciye, Yahudawanta sun guji ambatonsa suka ce Tzelem, kalmar Ibrananci mai ma'anar sura. Irin wannan suna ne tsohuwa ta kan faɗa wa jikanta, ba na hukuma ba.

Marubutan ba su jahilci wannan ba, sun kawo sauran sunaye suna mai da mai karatu ga na hukuma. Inda aikin ya gaza shi ne rashin shekara. An jera sunayen wuri guda, ba a faɗi lokacin da kowanne ya yi aiki ba. Ga misali: birnin da ke ƙasar Latbiya, Dünaburg ne har 1893, Dvinsk daga nan zuwa 1920, sa'an nan Daugavpils. Wa da ƙane da aka haifa ɗaki ɗaya, ɗaya a 1890 ɗaya a 1900, takardunsu za su nuna gari biyu, mai bincike ya raba 'yan'uwa ba da saninsa ba. Suna ba tare da shekara ba rabin shaida ne.

Zamani ma bai yi wa littafin adalci ba. Shekarar da ya fito ita ce Tarayyar Sobiyet ta wargaje, sunayen Rashanci da aka ɗauka na yau suka zama na jiya. Sai da aka sake bugu a 2002 tare da Alexander Sharon. Daga baya kundin garuruwa na JewishGen ya bi hanyar da ta fi dacewa, ya nuna sunan gari da lardinsa da ƙasarsa wajen 1900, da 1930, da 1950, da 2000. Ko a nan ɗin, Dünaburg ta riga ta zama Dvinsk kafin shekarar farko.