Kanel Ɗinka Ya Ƙi Tashi? Don Allah Karanta Allon Tukuna

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a tsakanin matasanmu masu sha'awar Linux, kuma gaskiya ta ishe ni. Mutum zai sauko da kanel daga kernel.org, ya kwana yana tsince-tsince a menuconfig, ya gina, ya girka, ya sake kunna kwamfuta. Sai ta tsaya cak, baƙin allo da fararen layuka. Ko layi ɗaya malam ba zai karanta ba. Filashi zai ɗauko ya yi fomatin, ya ƙona datarsa wajen sake girka komai, gobe kuma ya zo yana cewa gina kanel ɓata lokaci ne.

Jama'a, allon nan magana yake yi. Saƙon da ya fi fitowa shi ne "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Sifili biyun nan na ƙarshe su ne labarin gaba ɗaya. Kanel ɗin ya tashi lafiya lau, faifan da tsarin yake kai ne bai gani ba. Ko dai ka cire direban NVMe ko na SATA garin rage nauyi, ko ka bar shi a matsayin modul alhali ba ka gina initramfs ba. In na biyun ne, direban da zai buɗe faifan yana kwance a cikin faifan, kamar wanda ya kulle ɗaki ya bar mabuɗi a ciki. A nan maganin umarni ɗaya ne: update-initramfs a Debian da Ubuntu, dracut a Fedora, mkinitcpio a Arch. Haka ma in ka rubuta root=UUID ba tare da initramfs ba, kanel shi kaɗai bai iya nemo faifai da wannan lambar ba, PARTUUID ya sani. A kan wannan kaɗai za ka share faifai guda?

Wani zai ce, "Ni ban ga rubutu ba, allon baƙi ne ƙirin." To ai ba ka bar shi ya yi magana ba. Lokacin da kwamfuta ke tashi, riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB ya fito, danna harafin e, goge kalmomin quiet da splash, sannan Ctrl da X. Nan take za ka ga layin da aka tsaya a kai. In hoton ne ke ɗaukewa a tsakiyar hanya, ƙara nomodeset, ka ga ko direban hoto ne mai laifin. In kuwa GRUB ne ya ƙi karɓar kanel ɗin tun daga ƙofa, duba Secure Boot, domin ba ya yarda da kanel marar sa hannu. Ko ka kashe shi, ko ka sa hannu ka shigar da mabuɗinka da mokutil.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne masu goge tsohon kanel tun sabon bai nuna halinsa ba. Wai tsabta suke yi a /boot! Masu Fedora ba don ba su san tsabta ba suke barin kanel uku a ajiye. Tsohon nan shi ne hanyarka ta komawa gida. Da shi za ka tashi, ka kwatanta saitinsa da na sabon, ka gyara, ka sake gwadawa. Ka kuma ba naka suna daban ta LOCALVERSION, don kada modulolinsa su hau kan na tsohon. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai yayin kanel siriri, wanda kowa yanzu yake taƙama da shi. Na yarda, localmodconfig abu ne mai kyau. Tun da ya shigo a Linux 2.6.32 a shekarar 2009 yake rage wa mutane zaman jiran gini, musamman mai tsohuwar laftof da wutar da ba ta da tabbas. Amma abin da ya tarar yana aiki a wannan lokacin kaɗai yake ɗauka. In filashinka ko firinta ba sa jone, direbobinsu sun tafi. Washegari ka jona filashi shiru, ka hau zagin Linux. Ka jona duk kayanka kafin ka bugi umarnin, shi ke nan.

Na san mai aiki a gabansa ba shi da lokacin bincike. To shi wannan ya zauna kan kanel ɗin da ya zo da tsarinsa, babu laifi ko kaɗan.

Amma kai da ka ce koyo kake so, ranar da kwamfutar ta ƙi tashi ita ce ranar darasin. A nan za ka san yadda GRUB ke miƙa wa kanel, yadda initramfs ke nemo faifai, da yadda ake miƙa wa systemd ragowar aikin. Wanda ya yi fomatin ya tsallake wannan duka, kuma gini na gaba a wurin nan dai zai sake tsayawa. Don haka 'yan uwa, ku bar tsohon kanel a inda yake, ku ɗauki hoton allon da waya, ku karanta layukan ƙarshe a tsanake kafin hannunku ya kai ga filashi.