Sanin Wurin Bugu: Yadda Gwanayen Makanikan Garwa Ke Gano Ciwon Mota Mai Rawa

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a titunan Garwa, a arewacin Kamaru, sun ci ƙuruciyarsu ne a wata ƙasa. Sun yi shekaru a Beljiyom ko Jamus ko Faransa, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ko kuma suka biyo ta Kwatano da Najeriya, sannan suka hau babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Ngaundare da Garwa da Marwa har Kuseri. Corolla da Carina da Starlet na shekarun 1990, da Hiace masu jigilar fasinja, da Hilux masu shiga ƙauyukan auduga, duk suna fama da zafin da ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, da ramukan kwalta, da gargadar burji, da taɓon damina. Mota irin wannan ba ta rabuwa da ƙorafi, kuma wanda aka fi ji a bakin masu ita shi ne, "Tana rawa."

Wahalar ita ce abubuwa goma na iya sa mota rawa, kuma a hannun direba duk kusan ɗaya suke. Makaniken da bai ƙware ba sai ya shiga canza kaya: yau shokozoba, gobe filogi, jibi taya, har aljihun mai mota ya rame, rawa kuwa na nan. Gwani ba ya taɓa sufana sai ya gama tambaya. "Alhaji, yaushe take farawa? A tsaye ko sai ana tafiya? Allura na kan nawa? A sitiyari kake jin ta ko a kujera? In ka taka birki fa? Kwanan nan ka faɗa rami, ko an yi maka faci?" Kowace amsa na rufe wata ƙofa, kuma kafin a buɗe bonet ya riga ya watsar da rabin abubuwan da ake zargi.

Daga nan sai a fita gwaji, domin gareji ba ya nuna ciwon da sai a kan gudu yake tashi. Akan nemi miƙaƙƙiyar kwalta a bayan gari, a kai motar daidai gudun da take rawa, sannan gwani ya ce a mayar da ita firi a bar ta ta gangara. Wannan ɗan gwaji shi ne ƙashin bayan aikin. Injin ya koma silo, tayoyi kuwa suna kan gudunsu. Idan rawar ta ci gaba, laifin na wajen abin da ke juyawa tare da hanya ne, wato taya, ko wili, ko boris, ko farfela. Idan ta ɗauke, to injin ne ko abin da ke riƙe da shi, ko kuma shaf ɗin da ke wahala in an ɗora masa nauyi. Sai a tsaya a gefen hanya a taka totur har injin ya kai ƙarar da yake yi ɗazu. Idan rawar ta dawo mota na tsaye, an wanke tayoyi baki ɗaya.

Taya ce ta fi yawan laifi, kuma akwai lissafi a ciki. Kewayen tayar ƙaramar mota bai kai mita 2 ba, saboda haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa kusan sau 15 a kowace daƙiƙa. Idan wani gefe nata ya fi nauyi da giram 30 kacal, a wannan gudun yana fizgar ƙafar motar da ƙarfin kilo 7 zuwa 8, sama da ƙasa, ba hutu. In aka ninka gudu, fizgar kan ninka sau huɗu. Shi ya sa motar da ke lafiya lau a cikin gari, tsakanin Yelwa da Rumde Ajiya, take ɓarkewa da rawa a hanyar Pitowa. Rawar kan fi tsanani tsakanin kilomita 80 da 110, inda bugun tayar ke dacewa da lilon sifirin, wani lokaci ma ta lafa in an wuce nan. In a sitiyari ake jin ta, tayar gaba ce. In a kujera da ƙasan mota, ta baya ce. Don ya tabbatar, gwani kan musanya tayoyin gaba da na baya. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, mai laifi ta tona kanta ba tare da an sayi ko kusa ɗaya ba.

Amma ba kowace rawar taya ce balansin ke warkarwa ba, kuma a nan ake bambanta gwani da mai na'ura kawai. Bayan damina, laka kan bushe a cikin wili ta zama nauyin da ba a gayyata ba, maganinta ruwa da tsinken ƙarfe. Wilin da rami ya lanƙwasa, ko an lika masa dalma nawa ba zai miƙe ba. Gwani kan ɗaga motar a jak, ya kafa bakin sukundireba kusa da gefen wilin, ya juya tayar da hannu yana kallon yadda tazarar ke buɗewa tana rufewa. Akwai kuma wadda ta fi haɗari: mota na rangaji a ƙaramin gudu, kilomita 20 zuwa 40, sitiyari na kaɗawa dama da hagu a hankali. Wannan yawanci wayoyin cikin taya ne suka rabu da roba, tayar ta yi ciki. Tafin hannu ke gano shi, a shafa kewayen tayar a ji tudu. Tayoyin gwanjo sun fi yin haka a kan kwalta mai zafi, don haka gwani kan duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a jikin tayar: 2315 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Zanen taya na iya zama da kyau alhali robarta ta tsufa.

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki tana da nata tarihin. Ngaundare na bisa tudu sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana kwance a kwarin Binuwai, kimanin mita 200 daga matakin teku. Mai saukowa daga Ngaundare ta gangaren dutsen da ke wajen Mbe, in ya ɗora ƙafa a birki maimakon ya riƙe motar da ƙaramar giya, faifan birki kan yi zafi matuƙa, fuskarsa ta daina zama daidai. Bambancin kauri da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ya isa ya sa feda ta riƙa harbin ƙafa, sitiyari na kakkarwa. Gwani ba ya tsayawa a canza faifai. Yakan taɓa kowane wili bayan tafiya ya ji wanda ya fi zafi, domin birkin da ya maƙale zai ƙone sabon faifai kamar yadda ya ƙone tsoho, kuma yakan kankare tsatsar mazaunin faifan kafin ya ɗaura.

In rawar a tsaye take, hankali ya koma kan injin. Injin mai silinda huɗu a kan silo yana tashin wuta kusan sau 27 a daƙiƙa. Silinda ɗaya ta yi fashi, sai bugu ɗaya cikin huɗu ya ɓace, kunnen da ya saba kuma yana jin gurbin a bakin salansa. A tsofaffin motoci ana zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya: wadda aka zare injin ya ƙara tangal-tangal tana aiki, wadda aka zare bai ko girgiza ba ita ce matacciya. Tambayar da ke biyo baya a arewacin Kamaru ita ce, "Ina ka sha mai?" Zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi, yakan kwashi ƙura da ruwa a hanya, ya toshe matatar mai da nozul. In kuwa injin na tafiya sumul amma jikin mota na kyarma, sai a duba robobin da injin ke zaune a kai, waɗanda zafi da yoyon baƙin mai ke cinyewa. A ja birkin hannu, a sa giya, a ɗan saki kuloci, yaro na leƙen bonet. In injin ya yi tsalle, roba ta yanke.

Saura masu rawa in an taka totur su yi shiru in an ɗaga ƙafa. A mota mai jan gaba, wannan aikin gaɓar shaf ta ciki ce, wadda rigar robarta ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Gaɓar waje ba ta cika rawa ba, ƙas-ƙas take yi in an karya kwana. A Hilux da Hiace masu jan baya, farfela na juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka rawarta ta fi ƙanƙanta da sauri, ana jin ta a tafin ƙafa. Gwani kan yi wa farfela alama da alli kafin ya kwance ta, domin in aka mayar da ita a karkace za ta haifi sabuwar rawa.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne haƙurin rarrabewa. Tsohuwar mota sau da yawa ciwo biyu ko uku take ɗauke da su a lokaci guda. Gwani kan kama taya dama da hagu ya jijjiga don jin sakin tarod, ya kama sama da ƙasa don jin boris, ya dafa sifirin yana juya taya don jin gurzar da kunne bai kama ba, kamar yadda maɗori ke bin ƙashi da yatsa. Ya kuma san cewa tarod mai saki ba shi ke haifar da rawa ba, ƙara mata ƙarfi yake yi. Don haka yakan gyara abu ɗaya, a fita gwaji, sannan a taɓa na biyu, yana farawa da mafi araha. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Na'urar kwamfuta ta shigo garejoji, kuma tana da amfani. Amurka ta wajabta mahaɗar gwaji iri ɗaya a motoci daga 1996, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, kuma lamba irin P0301 kan nuna kai tsaye cewa silinda ta farko ce ke fashi. Sai dai na'urar ba ta ganin lanƙwasasshen wili, ko tayar da ta yi ciki, ko robar da ta yanke, kuma motocin Turai da dama na shekarun 1990 ba su ma da irin wannan mahaɗa. Ilimin kunne da tafin hannu a ƙarƙashin maigida ake samunsa, shekara da shekaru, daga wankin kaya har ranar da za a ce wa yaro, "Zauna baya, ka faɗa mini daga ina take zuwa."

Mai mota ma yana da nasa rabon aikin. Kafin ka je gareji, ka lura da gudun da rawar ke farawa, da inda kake jin ta, da abin da birki ko totur ke yi mata. In ta zo farat ɗaya, ko da ƙara, ko mota na rangaji a ƙaramin gudu, ka tsaya ka duba notocin taya da jikin robar nan take, kada ka ce sai an isa Marwa. In kuma makanike ya ɗauki awa guda yana gwaji, ya gano laka ce kawai a cikin wili, ka biya shi da daɗin rai, domin kuɗin kayan da bai sa ka saya ba sun fi ladansa nesa ba kusa ba.