Jinjina ga Masu Kiwon Tsutsa

Sannunku da ƙoƙari, masanan da ke kiwon C. elegans, 'yar tsutsar nan mai tsawon milimita ɗaya da Sydney Brenner ya fara nazarinta a Ingila a shekarun 1960. Jikinta garai-garai yake, har ana hango ƙwayoyin haihuwarta sun yi layi, kowace a matakinta. Abin mamaki, kafin ƙwai ya samu, furotin SPO-11 ke karya DNA da gangan, sannan a ɗinke shi. In ɗinkin ya kuskure, rabon ƙwayoyin gado ya birkice. A jikin mutum, hakan na iya janyo ɓari ko lalurar Down. Aikin gano wannan birkicewa a tsutsar sai mai haƙuri: da siririyar waya ake tsintar tsutsa ɗaya-ɗaya, ana ƙirga ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa.