3.4 Matsayin "Kai" a Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Labarin ya fara ne da tambaya: almajiran wani babban malami a garin Rauta, kusa da Bauci, suka nemi ya gaya musu asalinsa da inda ya fito. Duk abin da ya biyo baya amsar wannan tambaya ce. Don haka a wannan fasali za a duba irin amsar da littafin ya bayar game da abin da ke mayar da mutum shi kansa, wato ko asalinsa ne, ko tarbiyyarsa, ko kuwa wani abu ne da aka halicce shi da shi.

Kafin a shiga cikin labarin ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar "kai". Bahaushe ya ɗauki sunan gaɓar da ke saman jiki ya mayar da ita sunan mutum gaba ɗayansa, shi ya sa ake cewa "na yi da kaina" ko "ya cuci kansa". Amma idan ana son a faɗi abin da ke cikin mutum, sai a koma ga wasu kalmomi kamar rai da zuciya da hankali da kurwa da hali. Malaman Musulunci ma haka suka rarrabe, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin zuciya da ruhi da nafsu da hankali a matsayin kalmomi huɗu da ma'anoninsu ke shiga juna. A cikin waɗannan duka, hali shi ne wanda ya fi damun Bahaushe, don shi ne jama'a ke gani. Kirk-Greene (1974) ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Idan aka lura, mafi yawansu ba su tabbata sai da wani mutum na biyu. Ba a yin karamci a daji, ba a kuma jin kunyar bango.

To, a kan wannan ma'auni Umar cikakken mutum ne. Matsalar ita ce daga ina ya samo wannan cika. Mahaifinsa ya rasu tun bai san shi ba. Makau, mijin uwarsa, fadawan Kagara suka yi masa makirci aka kore shi daga gari. Shi kuma Umar aka sace shi yana ƙaramin yaro, ya bi ta hannu daban-daban har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, wanda ya tafi da shi Ber Kufa. Ke nan duk abin da Bahaushe ke kira asali, wato gida da dangi da gari, an yanke shi daga gare su tun bai mallaki hankalin kansa ba. Duk da haka marubucin bai nuna mana ko sau ɗaya yaron ya lalace ba. A nan za a iya cewa Ɓalewa ya tsaya ne a kan karin maganar nan ta hali zanen dutse, wato akwai wani abu a cikin mutum da sata da bauta da nisan ƙasa ba su iya kankarewa.

Sai dai a ra'ayin mai wannan bincike, abin da labarin ya nuna ya saɓa wa wannan fassara. Umar bai zama Shaihu don jinin Kagara ba. Ya zama Shaihu ne don Abdulkarim ya ɗauke shi ɗa maimakon bawa, ya sa shi makaranta, sannan ya yi karatu a gaban Shaihu Mas'ud har ya gaje shi. Da ya faɗa hannun wani ubangiji dabam, da wani labarin ake ba mu. Wannan ya yi daidai da ra'ayin masanin zamantakewa na Amurka George Herbert Mead, wanda aka buga littafinsa a 1934, cewa ba a haihuwar mutum da "kai" a kammale, a'a yana samun sa ne ta hanyar ganin kansa da idon waɗanda yake hulɗa da su. Ba sai an je Amurka ba ma, domin hadisin nan sananne ya nuna cewa ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, iyaye ne ke karkata shi. Abin da ke da nauyi a nan, wanda littafin ya wuce shi da sauri, shi ne mutumin da ya gina halin Umar fataucin bayi yake yi. Cinikin da ya raba shi da uwarsa shi ne kuma ya kai shi ga ilmi. Umar mai ba da labari bai taɓa tsayawa ya auna wannan ba, komai sai ya mayar da shi ga ƙaddara.

Akwai kuma wani abin lura ta fuskar tsarin labarin. Masanin falsafa na Ingila John Locke ya ce abin da ke tabbatar da cewa mutumin yau shi ne na jiya shi ne sanin kansa da tunawa da abin da ya aikata. Idan aka bi wannan, Umar na cikin matsala, don babban kashi na labarin da yake bayarwa ba abin da ya gani ba ne. Bai halarci fadar Kagara lokacin da ake ƙulla wa Makau sharri ba, bai kuma bi uwarsa cikin wahalar da ta sha ba. Dole daga bakin wasu ya ji. Amma yana ba da shi a matsayin tarihin kansa, almajiransa kuma suka karɓa ba tare da musu ba. Wannan ba rauni ba ne a rubutun, domin haka Bahaushe yake ba da tarihinsa. Idan aka tambaye shi ko shi wane ne, daga iyaye yake farawa, da abin da aka gaya masa, kafin ya zo ga abin da ya tuna.

Inda raunin yake shi ne wajen zaɓi. Tun daga farkon littafin har kusan ƙarshensa, Umar abin ɗauka ne: a sace shi, a tsince shi, a kama shi, a ba da shi, a koyar da shi. Da wuya mai karatu ya nuna wurin da ya tsaya tsakanin hanya biyu ya zaɓi ɗaya da kansa. Ko tashin da ya yi neman uwarsa, mafarki ne ya tayar da shi. Halin da ba a jarraba shi da zaɓi ba kuwa yana da wuyar aunawa. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda tsaransa ne, an sami kishiyar haka, inda sammu ya mayar da Kyauta ɓarawo. Ɗaya an gyara shi daga waje, ɗaya an ɓata shi daga waje, amma dukansu ba su ne suka riƙe linzamin kansu ba.

Wadda ta riƙe linzamin kanta a Shaihu Umar ita ce uwar Umar. Ita ce ta bar zaman lafiyar gidan miji ta bi sawun ɗanta zuwa Kano, mayaudari ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa ya mayar da ita baiwa, ta kai ƙara gaban alƙali a Murzuk ba ta sami adalci ba, aka sayar da ita. A gidan bauta ta ƙi sakin jiki ta karɓi matsayin da aka ɗora mata, ta sha azaba a kan haka, har ranar da ta ga ɗanta, ta rasu ba da jimawa ba. Jama'ar da ta kewaye ta duk sun ce ita baiwa ce, ita kuwa ta ce ita 'ya ce kuma uwa. A wannan wuri ra'ayin Mead bai isa ya yi bayani ba, don da idon jama'a kaɗai ke gina mutum, da ta miƙa wuya. Idan akwai zanen dutse a littafin nan, a jikinta yake. Ga shi kuma sunan ɗan ne a bangon littafin, shi ne kuma almajirai suka taru suna tambayar asalinsa, ita kuwa sai ta bakinsa muka san ta.