Ɗan Ibro da Rigar Baƙauye

Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta Ƙaramar Hukumar Warawa, ya ajiye aikin gandiroba ya rungumi finafinan bidiyo tun suna rarrafe a shekarun 1990. Baiwarsa a kunne take. Ya kwaso maganar manoman karkarar Kano yadda take, har ɗan birni kan yi ta dariyar baƙauye, alhali shi ake yi wa shaguɓe. Sai dai kash, masu shirya fim sun ɗaure shi cikin riga guda, sau tari babu rubutaccen labari, har ya rasu a 2014. A ganinmu laifin namu ne, mu marubuta. Gwani ya tuƙa tuwo, mu kuwa muka kasa kawo masa miya.